Kaza Ta Taka

Akwai wani baƙin zare ɗaure a ƙafar hagu ta farar kazar gidan. Kowa ya manta da shi, ban da Barakatu. Duk sanda kazar ta zo tono a gindin turmi, idonta sai ya sauka a kan zaren, daga nan ya dawo kan wuyan hannunta na dama, inda wani ciwo ke zaune a ɗan ramin da ke gindin babban yatsa, kamar an kafa ƙusa an manta ba a cire ba.

Gidan Malam Dogo Maɗori ne, a wani ƙauye kusa da Tsiga. Daga Gozaki ake kawo masa masu karaya, daga Maska, har direbobin da suka faɗi a hanyar Funtuwa. Kuma ya iya, wannan ba wanda zai ƙwace masa. Gidan yana da ƙa'idarsa tun kaka da kakanni: idan aka kawo mai karaya, sai a kama kaza a karya mata ƙafa, a ɗora ta tare da shi, man shanu ɗaya, tofi ɗaya, kara ɗaya. Ranar da kazar ta sauke ƙafa ta yi tafiya ba ɗingishi, ranar ake kwance wa mutum ɗori, don ya warke ke nan.

Barakatu matar Baƙo ce, babban ɗan Malam Dogo. Da kakar shekarar da aka ba Katsina jiha, ta hau tsanin rumbu za ta ɗebo dawa, tsanin ya goce, ta kai hannu ƙasa ta tare faɗuwar. Hannun bai ma kumbura sosai ba. Malam Dogo, wanda tsufa ya fara sa yatsunsa karkarwa, ya lalube wurin, sa'an nan ya dubi ɗansa.

"Baƙo, zo ka ɗora iyalinka. Yau zan ga abin da ka koya a bayana."

Ɗorin Baƙo na farko ke nan shi kaɗai. Ya ja, ya murza, ya jera kara, ya naɗe, gumi na tsiyaya a goshinsa. Shi ya karya ƙafar farar kazar, shi ya ɗaura mata baƙin zaren don kada a haɗa ta da sauran kaji. Barakatu ta cije leɓe ba ta yi kuka ba, don ta ga yadda mijinta ke satar kallon fuskar mahaifinsa.

Wata bai cika ba, wata safiya Inna Marka, uwar Baƙo, ta rangaɗa guɗa a tsakar gida.

"Kaza ta taka! Jama'a, ku fito ku gani, kazar Baƙo ta taka!"

Aka kwance karan. Malam Dogo ya sa aka raba goro a masallaci, ya gaya wa kowa cewa gado ya sami mai riƙe shi. Da la'asar Inna Marka ta miƙa wa Barakatu taɓarya.

Daga ranar ciwon ya fara nuna halinsa. Idan ta ɗaga taɓarya, lafiya. Idan ta sauke, sai wani abu ya tsarga daga gindin yatsa har gwiwar hannu. Tuƙin tuwo ya zama aikin da take farawa da addu'a. Guga kuwa sai ta naɗe igiyar a damtse take ja.

"Inna, hannun nan har yanzu bai sake ni ba," ta ce wata rana, a hankali.

"Wane hannu?"

"Wanda aka ɗora."

"Ba kaza ta taka ba?" Inna Marka ta ce, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar wake ba. "Ko kin fi kaza sanin ciwo ne? Ita da ba ta da bakin ƙarya. Kin saba da kwanciya ne ana kawo miki fura har ɗaki. Tsamin jiki ne, aiki ke fid da shi."

Sana'ar Barakatu man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, kuma matsar mai aikin wuyan hannu ne. Tunkuza ta daina ba ta mai yadda ta saba. Mai sayen manta wata Bayarbiya ce, Silifat, haifaffiyar Funtuwa, wadda Hausa ta zauna mata a baki fiye da wasu 'yan gari. Ranar kasuwa ta shigo da galan ɗinta, ta leƙa kwanon, ta riƙe haɓa.

"Matar likita, wannan mai ne ko hawayen gyaɗa? Da me zan cika galan, da fatan alheri?"

Barakatu ta yi murmushi, ta kai hannu za ta ɗaga kwanon. Yatsun suka saki, kwanon ya karkace, da ƙyar Silifat ta tare shi.

"Ke, tsaya. Ba ni hannun nan." Ta danna ɗan ramin da yatsa, Barakatu ta zabura har ƙafarta ta bugi murhu. "Wannan ne aka ce ya warke?"

"Kaza ta taka."

"Kaza ta taka, ke kin taka? Ranar Alhamis likitan ƙashi na zuwa asibitin Funtuwa daga Zariya. Ki ce za ki kai Mairo allurar rigakafi. Zan jira ki a tasha."

Mairo ɗiyar Barakatu ce, a lokacin ko zama ba ta fara ba. Ranar Alhamis ta goya ta, suka shiga a-kori-kura. Aka yi wa Mairo allurarta don kada maganar ta zama ƙarya tsantsa, sa'an nan Silifat ta ja ta ɗakin hoton ƙashi.

Likitan, Dakta Oluwole, mutum ne mai magana a hankali, Hausarsa irin ta 'yan Sabon Gari. Ya ɗaga hoton a jikin taga, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya tambaye ta sana'arta.

"Man gyaɗa, ranka ya daɗe."

"To, madalla, za ki gane ni. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa. Ɗaya daga cikinsu kamar gyaɗa yake da ɓawonta, ƙwaya nan, ƙwaya nan, tsakiyar a tsuke. Kin ga wannan layin? Naki ya karye daidai wurin tsukewar. Shi kuma wannan ƙashin, ta kai ɗaya kawai jini ke shigarsa. Da ya karye, ɗaya ƙwayar ta rabu da jini. Tana nan tana jin yunwa. In aka bar ta, za ta mutu, ta marmashe."

"An ɗora fa," Barakatu ta ce. "Surukina maɗori ne."

"Na san sunansa. Ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri, yana ɗora su su kama, na gani da idona. Amma wannan ba ya jin kara. Yaushe aka kwance?"

Silifat ce ta ba shi labarin kazar. Bai yi dariya ba. Ya ajiye hoton, ya cire tabarau.

"Ƙashin kaza yakan kama cikin 'yan makonni. Wannan yakan ɗauki watanni, ko da an yi sa'a. Baiwar Allah, ke ba kaza ba ce."

Sai ya yi mata bayanin aikin. Ya ce sabon aiki ne, ba su daɗe da fara shi ba. Za su ɗan yanko ƙashi daga sandar hannunta, kusa da wurin, amma ba za su raba shi da jijiyar da ke ba shi jini ba. Da jijiyarsa za su jawo shi su cusa a cikin karayar.

"Kin taɓa dashen barkono?"

"Na taɓa."

"In kika tsinko shi ba saiwa kika soke a ƙasa, zai kama?"

"Zai bushe."

"To shi ke nan. Da saiwarsa za mu dasa. Amma dashe sai ƙasar da ke da sauran rai. Kada ki bari damina ta same ki a haka. Ki zo da maigidanki ya amince, mu ba ku rana a Zariya. Za ki yi watanni da filasta, ba daka, ba guga."

A hanyar dawowa Barakatu ta riƙa kallon hannunta a kan cinya kamar baƙon da aka ce zai iya tafiya.

Ta sami Baƙo washegari da hantsi a bayan ɗaki, yana wanke sabon babur ɗin da ya saya bayan an sayar da auduga. Ta durƙusa gefe, ta gaya masa komai, har maganar barkonon. Ya tsaya da tsumman a hannu.

"Wa ya gan ki a asibitin?"

"Maigida, ka ji abin da na ce kuwa? Ƙashin zai mutu."

"Na ce wa ya gan ki? Akwai 'yan garin nan a layin?"

"Ban lura ba."

Ya goge hannu a riga, ya kama wuyan hannunta, ya sa babban yatsansa a ɗan ramin ya danna kaɗan. Ta runtse ido, numfashinta ya ɗauke. Da ta buɗe, ta ga fuskarsa, ta kuma gane cewa ya sani. Yatsunsa sun taɓa ƙasusuwa da yawa, ba za su yi masa ƙarya ba. Ya saki hannun a hankali.

"Barakatu, ki duba lamarin nan. Ba wai ba ni da halin kai ki ba ne. Amma hannunki ne ɗorina na farko. Da shi Baba ya tsaya a masallaci ya ce na isa. Yanzu a ji cewa matar Baƙo na kwance a Zariya an farke mata hannun da ya ɗora? Wa zai ƙara kawo mini ko ɗan yatsa?"

"To ni da me zan ci abinci?"

"Ki ba ni lokaci. Bari in yi wa Baba magana."

Ya yi masa. Da yamma aka kira ta ƙofar turakar Malam Dogo. Ta durƙusa a waje, kanta a ƙasa. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya.

"Yarinya, tun kakana ba a taɓa sa wuƙa a ƙashin ɗan gidan nan ba. Ranar da aka sa, ranar albarkar za ta tashi, ta bar mu da kara da tsumma. Bakuna nawa ke ci daga wannan zauren? Har da naki, har da na ɗiyarki. Su yanka suka sani. Wai a karya lafiyayyen wuri don a gyara marar lafiya, wannan hankali ne? Sanyi ne ya shige ki don kin yi saurin taɓa ruwa. Baƙo, ɗora ruwan zafi."

Aka gasa hannun. Inna Marka ta riƙe kafaɗunta, Baƙo ya ja, ya murza da man shanu, mahaifinsa na cewa ya ƙara. A wannan karon ta yi kuka, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Inna Marka ta ce musu ba komai, sanyi ake fitarwa. Aka kuma ce kada Silifat ta ƙara taka gidan, ita ce mai hure wa matan mutane kunne.

Bazara ta wuce. Ruwan farko ya sauka, aka fita shuka. Hannun ya daina lanƙwasawa baya, naman gindin yatsa ya fara zubewa. Ta bar man gyaɗa, ta ba maƙwabciya aron kaskon suyarta, aron da ta san ba za ta karɓa ba. Ta koyi tuƙa tuwo da hagu, ya riƙa fitowa da gudaji. Ta koyi cin abinci ta juya wa mutane baya.

Wata rana Malam Dogo yana zaune da baƙi biyu a inuwar durumi, ya ce a kawo ruwa. Ta cika kwanon sha, ta gwada ɗauka da dama, ta ji ba zai kai ba. Ta kai da hagu, ta tallafe da bayan dama, ta durƙusa. Tsohon ya dubi kwanon, bai karɓa ba.

"Koma ki kawo shi yadda aka koya miki a gidanku."

Ta koma, ta kawo da dama. Rabin ruwan ya zube a hanya, sauran ya zube a gabansa. Da baƙin suka tafi, Inna Marka ta tare ta a madafa.

"Da gangan kike yi. So kike duk wanda ya shigo ya fita da labari. Me yaron nan ya yi miki? Ya ci da ke, ya tufatar da ke, ya ɗora ki da hannunsa, sakayyar ke nan?"

"Inna, wallahi ba ya riƙewa."

"Zuciyarki ce ba ta riƙewa. Ga kaza can har ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe."

Gaskiya ne. Kazar ta yi 'ya'ya, tana yawo da su a tsakar gida, tana tono da ƙafar nan mai baƙin zare. Ba a yanka ta, ba a sayar da ita, don ita ce shaidar Baƙo. Inna Marka na watsa mata tsaba safe da yamma. Wani lokaci Barakatu takan tsaya ta kalli yadda ake lallaɓa ta, ta rasa abin da za ta kira abin da take ji.

Ranar da ta fi yi mata ɗaci, ranar da ta ɗaga Mairo ce za ta jefa ta baya. Yarinyar ta yi nauyi, ta fara rarrafe. Hannun ya saki a tsakiyar ɗagawa, Mairo ta zame ta bugi goshi a bakin turmi. Ba ta ji ciwo sosai ba, ƙulu ne ya fito. Amma Baƙo ya shigo a guje, ya ɗauke ta, ya dubi matarsa kamar bai san dalili ba.

"Yanzu har abin ya kai kan yarinya?"

Ta dube shi. Ya kau da kai, ya fita da Mairo yana jijjiga ta. Daga ranar ta koyi goyo a zaune: ta kwantar da yarinyar a gado, ta jingina bayanta, ta ja zani da hagu, ta kama ɗaya bakin da haƙori.

Ana cikin damina matar wanta Buba ta haihu a Maska, aka ba ta izinin zuwa suna. Hanyar ta Funtuwa take bi. Ta daidaita tafiyarta ta faɗo ranar Alhamis, ta sauka a rumfar Silifat. Silifat ta dubi hannun, ba ta yi wasa ko ɗaya ba, ta rufe rumfar ta ɗauki gyalenta.

Aka sake hoto. Dakta Oluwole ya ɗaga sabon kusa da tsohon. Ko Barakatu ta ga bambancin. Ɗaya ƙwayar ta yi fari fat, ta motse, gefenta ya ciccije.

"Ina maigidan?" ya ce.

Ta dubi hannunta.

"An ƙara ja, ko?"

Ta gyaɗa kai. Ya ajiye hotunan.

"Ƙasar ta mutu, baiwar Allah. Ko mun dasa ba zai kama ba. Da kin dawo da rani, da na ce miki in Allah ya so za ki koma matsar manki. Yanzu abin da ya rage shi ne mu cire mataccen, mu haɗe wuyan hannun ya zama sanda ɗaya. Ciwon zai tafi, yatsun za su riƙe abu. Amma ba zai ƙara lanƙwasawa ba har abada. Shi ma in an daɗe, sauran ƙasusuwan za su ci juna. In maigida ba zai zo ba, ki zo da mahaifinki ko wanki, wanda zai tsaya miki ya yi jinyarki."

A Maska ta keɓe da Buba ta gaya masa. Ya ce shi a shirye yake, ko gobe. Amma ta sani, in ya kai ta ba da yardar gidan mijinta ba, ba lallai ta sami ƙofar komawa ba. Ya ce ta je ta ƙara gwada shawo kan mijinta, in kuma ta dawo wurinsa, ba zai tambaye ta komai ba. Ta koma gida, tana cewa a ranta wataƙila in Baƙo ya ji abin da aka riga aka rasa, zai tsaya wa abin da ya rage. Sau da yawa ta buɗe baki, ta tarar yana zaure da masu karaya, ko ya hau babur an kira shi wani ƙauye. Sunansa ya fara tafiya.

Da aka gama girbi, Malam Dogo ya ce ƙarfinsa ya ƙare, zai sauka daga buzunsa ya ɗora ɗansa. Aka sa rana, aka gayyaci dattawa da maɗoran ƙauyukan kewaye. Al'adar gidan ita ce a ranar ake yanka kazar ɗorin farko, a dafa, wanda aka ɗora ya ɗauki ƙafar nan da aka karya, da hannunsa, ya ci a gaban jama'a.

Barakatu aka ba figar kazar. Ta danne ta da gwiwa, ta fige da hagu. Da ta zo kan ƙafar, ta yanke baƙin zaren, ta shafa ƙashin. Ga ƙullin nan inda ya haɗe, ƙaƙƙarfa, santsi, ba ko alamar tsaga. Baƙo ya iya. Ya ɗora kazar nan da kyau ƙwarai.

Tana nan zaune sai ga shi ya shigo madafa cikin sabuwar babbar riga, yana ƙamshin turare. Ya tsuguna kusa da ita, ya rage murya.

"Barakatu, ki daure mini yau. Ki ɗauka da dama, ki kai baki, shi ke nan. Yau kawai. In ƙura ta lafa, ni da kaina zan ɗauke ki a babur mu je Zariya, ba wanda zai sani. A yi miki dashen nan naki."

"Na koma wurin likitan," ta ce. "Lokacin sunan Maska. Ya ce ƙashin ya mutu. Dashen ba zai kama ba yanzu."

Ta zuba masa ido. Ta ga maganar ta shige shi, ta ga kafaɗunsa sun sauka. Ta ɗauka nauyi ne ya danne su. Sai ya saki numfashi, dogo, irin na wanda aka sauke wa kaya.

"To kin gani," ya ce. "Ashe ko an je ma ba amfani."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya fita. Bai tsaya ya ji cewa akwai sauran aikin da za a iya yi ba, ita kuma ba ta kira shi ba.

Bayan azahar zaure ya cika har waje. Baƙo na kan buzu, mahaifinsa na gefe. Aka aiko a kira ta. Ta yafa mayafi, ta durƙusa a bakin ƙofa. Aka turo mata kwano, ƙafar kazar na ciki.

"Ga ta nan," Malam Dogo ya ce wa jama'a. "Daga kan rumbu ta faɗo. Yaron nan ya ɗora ta ban sa masa hannu ba. Bismilla, yarinya."

Ta fito da hannun daga cikin mayafi. Ba ta yi sauri ba. Ta bar shi a fili, kowa ya gan shi: sirit kamar na mai jinya, wuyan a kumbure a gefe guda, a sandare, babban yatsan ya kwanta cikin tafi. A zauren nan akwai maɗora huɗu ko biyar, mutanen da suka tsufa suna taɓa ƙashi. Ta ga idanunsu a kan wurin.

Ta sa yatsu ta kama ƙafar kazar. Da gaske ta gwada. Ta ɗaga ta har kusa da ƙirji, sai ciwon ya tsarga, yatsun suka buɗe. Naman ya faɗi a ƙasa, ya birgima cikin turɓaya, ya tsaya gaban buzun Baƙo.

Baƙo na kallon naman.

"Kunya ce," Malam Dogo ya ce, yana murmushi. "Kunyar surukai. Yaran yanzu, a ce su ci nama gaban dattawa, sai jiki ya hau ɓari."

Wani tsoho ya yi dariya, sauran suka bi, dariyar mutanen da aka fitar daga wuri mai wuya. Wani ya ce ai kunya ado ce ga mace. Wani ya ce Allah ya ƙara wa gidan nan albarka, aka amsa da amin. Dukansu sun gani. Kowannensu yana da ɗa ko jika da wata rana zai faɗo daga mangwaro, kuma nan za a kawo shi. Wasunsu suna da nasu zaurukan da nasu kajin. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, a cikin gida Inna Marka ta saki guɗa.

Barakatu ta mayar da hannun cikin mayafi, ta tashi. Ba wanda ya ce ta tsaya, an gama da ita.

A ɗaki Mairo na barci. Ta kwantar da ita daidai a gado, ta jingina bayanta, ta ja zani da hagu, ta kama ɗaya bakin da haƙori ta ɗaure. Ba ta ɗauki kwalla ko ɗaya ba, sai katin asibitin da ke ƙarƙashin tabarma. Matan gida na can sun taru a kan tukunya ana rabon nama. Ta bi ta bayan rumbu, ta wuce tsanin da har yanzu yake jingine a wurin, ta fita ta ɓarakar danga.

Ta ratsa gonakin auduga har bakin titi. Guɗar na biyo ta daga nesa, tana raguwa. Can sai ga a-kori-kura ta taho daga wajen Bakori, ta nufi Funtuwa. Barakatu ta matsa gaba, ta ɗaga hannun hagu, motar ta tsaya.